Muryar Yaya a Kan Motar Masu Magani

Yayana mai sanarwa ne a babbar tashar mota. Da wannan aikin aka san shi, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa sai dai ya ce Sanarwa. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, ɗinki nake yi, shi ya sa a gida ake ce mini Tela. Tun da aurena ya mutu na dawo gidansa da kekena aka ba ni ɗakin bakin ƙofa, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Wurin aikinsa wani ɗan akurkin ɗaki ne a saman ofishin masu yankan tikiti. Gilashi ne ta gaba da gefe, sai teburi, da fanka marar murfi, da makirufo da aka naɗe wuyansa da baƙin salatif. Daga nan yake hangen tashar gaba ɗaya. Shi ke faɗin motar da ta cika da wadda ta kusa tashi, shi ke cigiyar jakar da aka manta da yaron da ya kuɓuce wa uwarsa. Idan direbobi suka kaure da faɗa, sai ya kira lambar motar kawai, a hankali, ka ga an watse.

In ka gan shi ba za ka ce shi ne ba. Siriri ne, gajere, kafaɗarsa a ɗan rankwafe. Amma muryar nan mai kauri ce, mai sanyi, ba ya ɗaga ta, kuma duk abin da ta faɗa sai ka ji kamar an riga an tabbatar da shi. Matarsa, wadda duk gidan muke kira Anti, takan ce, "Ni fa murya na aura, mutumin gyara aka ba ni." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da karanta mana jarida irin yadda masu labarai ke yi. Ya taɓa zuwa gidan rediyo neman aiki tun yana saurayi. Suka saurare shi, suka yaba, sannan suka tambayi takardar makaranta, ba shi da ita. Bai sake tayar da zancen ba, amma duk wanda ya zauna da shi ya san abin na nan a ransa.

Akwai wani mutum da ke faka mota a bakin ƙofar tashar yana sayar da magani a kwalabe. Dokta ake ce masa, farar rigar da yake sawa ce ta ba shi sunan. Yana da lasifika a saman motar, amma muryarsa kamar ana jan kwano a kan siminti, mutane wucewa kawai suke yi. Wata rana ya hau matakalar nan ya samu Yaya.

"Sanarwa, wallahi ana zaluntar muryar nan taka," in ji shi. "Kana nan kana kiran motoci, ga mutanen da ba su kai ka ba suna magana a rediyo. Zo ka karanta mini talla, ni zan kai ta gidan rediyo da kaina."

Abin da ya faru a situdiyo, sai bayan shekaru Yaya ya ba ni labarinsa. Wani ɗaki ne a bayan shagon sayar da kaset, ba taga, an manne bangon da kwalayen ƙwai da soso. Aka rufe ƙofa, aka sa masa abin saurare a kunne. Ya ce tunda yake bai taɓa jin muryarsa haka ba, ba ƙugin inji, ba hon, ba ihun 'yan kamasho. Ita kaɗai, tana fita daga bakinsa tana dawo masa cikin kai kamar ta wani babban mutum. Ya karanta takarda ta farko, ciwon baya, sanyin ƙashi, basir. Mai situdiyon ya ɗaga masa babban yatsa. Sai Dokta ya miƙo ta biyu.

Ya duba layin farko ya ajiye ta a kan teburi.

"Haba Dokta, wannan ai ba ta faɗuwa."

"Wannan ba ta nan ba ce, ta garuruwan nesa ce, inda ba wanda ya san ka. Kuma lalura ce fa. Magidanta nawa ne ke cikin wani hali, kunya ta hana su magana? Taimako za ka yi."

Ba wanda ya tilasta masa. Ya ce mini shi dai bai so a cire masa abin nan daga kunne ba tukuna. Ya ɗauki takardar ya karanta har ƙarshe. Ba zan maimaita abin da ke ciki ba. An ambaci jikin namiji da na mace gaɓa-gaɓa, da abin da ke tsakanin miji da mata in an rufe ƙofa, da irin kallon da mace ke yi wa mijin da ya gaza, da yadda za ta tashi da safe in ya sha kwalba ɗaya. A tsakiya kunya ta kama shi ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro. Ya ce a goge wurin, suka ce za a goge.

Ya dawo gida yana fara'a, ya ce mana mu riƙa kunna rediyo. Muka yi ta kunnawa, shiru.

Ranar da abin ya iso unguwarmu, ranar hutunsa ce. Bayan azahar ne, yana kwance a ɗaki yana barci. Anti tana kwashe shanya, 'yarsu Auta tana zaune a tabarma tana aikin makaranta, ni ina datse zare. Sai muka ji daga nesa, "Jama'a, barkanku da war haka."

Anti ta tsaya da zane a hannu. "Ikon Allah. Yau har nan iska ta kawo maganar tasha?"

Sai kuma ta waiwaya ta kalli ƙofar ɗakinsu. Takalmansa na nan a bakin ƙofa. Muna jin minsharinsa a ciki, muna kuma jin muryarsa a waje tana tahowa ta kan titi, tana ƙara kusantowa. Na ajiye zaren na kasa kunne. Ciwon baya ya wuce, basir ya wuce. Motar Dokta ta zo daidai katangarmu lokacin da aka shiga takarda ta biyu.

Auta ta ɗago kai, biro a bakinta. Anti ta daka mata tsawa ta shige ɗaki, amma ina amfani, lasifikar ta fi ƙarfin bango. Yaya ya fito ba takalmi, idonsa jajir da barci, ya tsaya a bakin ƙofa. Wannan tsayuwar ba za ta taɓa fita daga idona ba. Bakinsa a rufe gam, ga muryarsa ta cika tsakar gida tana faɗin abin da ko a ɗaki ba a faɗa da ƙarfi. Sai 'yar dariyar nan ta fito. Ba a goge ta ba. A saman mota ba ta yi kama da dariyar kunya ba, ta yi kama da ta wanda ke jin daɗin abin da yake faɗa.

Da motar ta yi nisa, Anti ta ce, "Baban Auta, da bakinka?"

Ya koma ɗaki ya sakaya ƙofa.

Kafin sati ya zagayo dattawan unguwa suka yi sallama. Wani tsohon hedimasta da ke layin bayanmu shi ya yi magana a madadinsu, kuma bai ci zarafinsa ba.

"Sanarwa, ba mu ce kada a sayar da magani ba," in ji shi. "Cuta gaskiya ce, mai ita ya san inda zai je. Amma titi na kowa ne, tsohuwa na bi, ɗalibai na bi. Jiya ina zaune da surukata da jikokina motar nan ta wuce, aka rasa wanda zai kalli wani. Abin da uba ba zai iya faɗa a gaban 'yarsa ba, bai kamata a ɗora shi a kan mota ba."

Yaya ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Na yi kuskure."

Da ya faɗi haka, wani daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ba da mugunta ba. Muryar ce, ba a iya jinta kuma ba tare da an tuna ba.

Da Yaya aka je gaban hukuma aka kai ƙara. Ya tsaya ya ce muryarsa ce, kuma yana roƙo a hana. Aka kama motar Dokta, aka kwance lasifikar, aka fitar da doka cewa duk mai tallan magani da kalaman batsa a titi za a ƙwace kayansa. Dokta ya tattara ya bar garin. Muka ce alhamdulillahi, an wuce wurin.

Ashe mai situdiyo ya riga ya sayar da kaset ɗin ga duk mai so. Ba a jima ba motoci suka fito da shi, wasu ma a baro suke tura lasifikar. Kowa da maganinsa, don haka sai su yanke wurin da Yaya ya ambaci sunan na Dokta su cusa nasu. Za ka ji muryarsa tana tafiya sumul, "Maigida, ka nemi," sai wata siririyar murya ta yi tsalle ta faɗi suna, sannan tasa ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. In jami'ai sun kama wannan, gobe wani ya fito ta wani layin. Masu maganin sun san lokacin da jami'an ke zagaye, sai su bar ciwon baya yana ta maimaituwa, da sun ba da baya a juya kaset.

A tasha kuwa, da ya ce "Jama'a," sai yaran mota su ƙarasa masa da layin tallan, su kwashe da dariya. Ya daure ya ci gaba da zuwa. Har ranar da wata mata ta hau matakalarsa tana kuka, ɗanta ɗan shekara uku ya ɓace a cikin cunkoso. Ya kunna makirufo ya fara cigiya, yaro mai jar riga, ba takalmi a ƙafarsa. Ta cikin gilashi yana ganin mutane suna ɗago kai suna dariya, wani direba har yana buga sitiyari. Ba wanda ya duba ƙasa ya nemi yaro. Matar ta kalle shi ta ce, "Malam, me suke wa dariya? Ɗana ne fa." Ya kashe makirufon, ya sauka tare da ita, suka bi motoci ɗaya bayan ɗaya har suka samu yaron yana barci a ƙarƙashin bencin mai sayar da lemo. Da yamma ya kai makullin ɗakin zuwa ofis ya ajiye. Ba wanda ya kore shi.

Ya samu aiki a wata maɗaba'a, yana yanka takarda yana ninkewa. Na taɓa kai masa saƙo can. Ɗaki ne dogo mai warin tawada, injina na bugawa har ƙasa na rawa, ma'aikata da hannu suke magana. Na gan shi a can ƙurya, ya fi kowa natsuwa. Nan ya yi sauran shekarun aikinsa.

A waje ya daina magana. In ya shiga shago sai ya nuna abin da yake so. A motar haya sai ya ƙwanƙwasa ƙarfe in ya zo sauka. Ya taɓa mantuwa a layin asibiti ya amsa gaisuwa da cikakkiyar murya, wani mutum a gabansa ya juyo a hankali yana murmushi ya ce, "Kai, kamar na san muryar nan." Daga ranar ko gaisuwa da raɗa yake yi. A gida ma haka, sai ka matso kusa za ka ji shi, kamar mai ciwon maƙogwaro. Jarida ya koma karanta ta da ido. Auta ta sha tsokana a makaranta har ta roƙi uwarta kada ya sake zuwa ɗaukarta, ya kuwa ji, bai sake zuwa ba. Lokacin da Auta ta yi aure, mijinta ya ɗauka haka aka haifi surukinsa, kuma ba wanda ya gyara masa.

Anti ta daɗe tana fushi. Ba ta bar gidan ba, abincinsa bai taɓa makara ba, amma ta yi wata da watanni ba ta zuwa gidan suna ko biki, don mata sun iya tambayar da ba a yi ta da baki. Da fushin ya huce sai ta koma tsokanarsa ko zai yi magana. "Baban Auta, a gidan nan har kyanwa ta fi ka surutu." Sai ya yi murmushi ya ɗaga mata hannu.

Akwai lokacin da ya shiga bin masu magani yana sayen kaset ɗin a hannunsu. Ya dawo da shi, ya zauna a bayan gida, ya zare zaren gaba ɗaya ya tara a tsohon gwangwanin fenti ya kunna wuta. Warin ya bi ɗakuna ya kama labule. Su kuwa sun gane, suna ganinsa sai su fito da wani su sayar masa, nasu na asali na gida. Anti ce ta hana shi. Daga baya ma kaset ya ƙare a duniya, aka koma ɗan memori kamar farce, aka koma turawa ta waya, babu sauran abin da za a ƙona.

Shekaru suka tafi. Gashinsa ya yi fari, ni ma sai da tabarau nake zura zare. Motocin sun ragu, amma ba su ƙare ba, kuma mun saba har mun san inda za a yi tari mu ɗaga murya mu rufe. Na haddace tallan nan ba da son raina ba, na san inda yake jan numfashi, na san inda dariyar take.

Wata rana da hantsi ina kan keke sai na ji motar tafe. Ban ko ɗago ba. Sai ƙafata ta tsaya da kanta. Muryar ta wuce inda ta saba tsayawa, ta ci gaba. Ta faɗi sunan wani magani da kanta, ba siririyar muryar da ake cusawa. Ta ce a kira wannan lamba, ta karanto lambar waya dalla-dalla, ta ce ana kaiwa har gida. Lokacin da Yaya ya shiga situdiyon nan, ba wanda ke da wayar hannu a duk unguwarmu. Sannan ta shiga wasu maganganu sababbi, da suka fi na da muni nesa ba kusa ba, da natsuwar nan tasa, da jan numfashin nan nasa.

Na fito tsakar gida. Yaya na zaune a kujerarsa, ya riga ya yi ritaya a lokacin, hannunsa biyu a kan gwiwa. Ya yafito ni, na sunkuya, ya raɗa mini, "Tela, ban faɗi wannan ba."

"Na sani, Yaya."

"To wa ya faɗa?"

Da yamma babban ɗansa ya zo ya yi mana bayani, wai yanzu kwamfuta na iya sauraron muryar mutum ta koya, sai a rubuta mata duk abin da ake so ta faɗa. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya raɗa, "Har da numfashina ta koya?"

Washegari Yaya ya sa hularsa ya tsaya a ƙofar ɗakina. Na gane, na ɗauki mayafi. Muka bi hanyar da motar ke bi har muka same ta a gefen kasuwa, ƙarƙashin wata bishiya. Direban, wani mai ƙiba da tawul a wuya, ya kashe na'urar yana zaune a kan bonet yana ɓare lemo. Ni na yi magana. Na gaishe shi, na ce ina ya samo wannan talla.

"Hajiya, magani kike so ko talla?"

"Tallan nake tambaya."

"Akwai mai haɗa mana. Ka tura masa sunan maganinka da lambarka ta waya, kafin ka gama shan shayi ya turo maka. Duk masu magani muryar nan suke so, ita ke kawo ciniki."

"Muryar wane ne?"

Ya tofar da ƙwallon lemo. "Wani tsoho ne, ya daɗe da mutuwa. An ce tantirin ɗan duniya ne, mata ne suka ƙarasa shi. Ai kin ji dariyarsa."

Yaya na tsaye a gefena, kansa a ƙasa. Sai na ji ya ja numfashi. Ya buɗe baki da cikakkiyar muryarsa, wadda rabona da jinta daga jikinsa har na manta, ya ce, "Bai mutu ba."

Direban bai kalle shi ba. Ya diro daga kan bonet, ya zura hannu ta tagar mota ya danna maɓallin kashewa. Ya ga a kashe yake. Ya ɗaga kai ya kalli lasifikar da ke saman motar.

"Ban mutu ba," in ji Yaya. "Ga ni nan."

Mutumin ya fizge wayar da ta haɗa lasifikar da batir, ya riƙe ta a hannu yana kallo. Sai a sannan ya juyo a hankali ya ga ɗan tsohon da ke tsaye kusa da ni. Lemon ya faɗi daga hannunsa. Ya fara salati, ya ja da baya, ya faɗa mota. Ya tashe ta da ƙyar, ya bar katan guda na kwalabe a ƙasa bai waiwaya ba.

Na zaci Yaya zai ji sanyi a ransa. A hanyar dawowa kuwa sai da na riƙe masa hannu muka tsallaka titi. Da muka kusa gida ya tsaya ya raɗa mini, "Kin ji yadda tawa ta dushe? Ta motar ta fi tawa kyau. Ita ba ta tsufa ba."

Ya sake komawa hukuma, wannan karon da ɗansa. Jami'in ya karɓe su da mutunci, ya ce dokar na nan, kusan kullum suna kama motoci, ɗakin ajiyarsu ya cika da lasifika. "Amma Baba, mota muke iya kamawa. Muryar tana cikin wayar kowa."

Bayan haka ya ɗan gwada magana a gida. Wata safiya ya ce, "A ba ni ruwa," da ƙarfi, Anti ta saki kofi ya fashe. Ta yi ta dariya tana share hawaye tana cewa ashe maigidan na nan. Kwana kaɗan aka yi a haka. Ita da kanta ta same ni a ɗaki ta ce, "Tela, Allah ya yafe mini. In ya fara magana, sai in ji ina jiran sauran." Ban san ko ya ji ta ba, ko a fuskarmu ya gani. Ya koma raɗarsa, bai sake fita daga cikinta ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai da alaƙa da maƙogwaro. Zuciya ce, ya kwanta sati biyu, ya cika da safe, Anti na riƙe da hannunsa. Mutane sun zo da yawa, har tsofaffin direbobin tasha, suna ta faɗin yaran da ya haɗa da iyayensu. Ba wanda ya ambaci ɗaya zancen.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni Auta ta kawo mana 'yarta ta wuni, ita ta wuce asibiti awo. Yarinyar ba ta wuce shekara biyar ba, kuma ita kakanta mai raɗa ta sani, wanda ke ba ta alewa yana ɗora yatsa a leɓe. Muna tsakar gida da la'asar, Anti na tsefe mata kai, sai motar ta shigo layinmu. Wata ce daban, ba ta mai tawul ba. Muka jira ta wuce kamar kullum. Daidai katangarmu muka ji fus, taya ta yi faci. Muka ji direban ya fito yana tsaki, ya jawo jak yana buga ƙarfe. Bai kashe lasifikar ba.

"Jama'a, barkanku da war haka."

Yarinyar ta juyo. "Kaka, wane ne wannan? Muryarsa da daɗi."

Anti ta ajiye matsefi ta toshe wa yarinyar kunnuwa da tafukanta biyu, ta jawo kanta ta manna a ƙirjinta. Tallan ya tafi har ƙarshe, ya yi shiru kaɗan, ya sake farowa daga gaisuwa. Na miƙe na jawo mayafi don in fita in ce wa mutumin nan ya ji tsoron Allah ya kashe, gidan nan gidan makoki ne.

"Zauna, Tela," in ji Anti.

Na kalle ta. Idonta a rufe yake, hannuwanta na kan kunnuwan yarinyar, nata kunnuwan a buɗe.

"Anti, kin san abin da zai biyo baya fa."

"Na sani. Zauna."

Na zauna. Mutumin ya daɗe yana fama da tayar nan, wani noti ya ƙi kwancewa. Muka ji tallan ya zagayo ya sake zagayowa, yarinyar tana mutsu-mutsu tana cewa a sake ta zafi take ji, Anti ba ta sake ta ba. Da ya gama ya tashi motar, muryar ta bi layi tana raguwa har ta sha kwana. Sai a sannan ta sauke hannuwanta, ta yarfe su don sun sage, ta ɗauki matsefi ta ce wa yarinyar ta gyara zama a ƙarasa kafin uwarta ta dawo.